Zauren Tambaya da Amsa: Yaya Ake Feɗe Waƙar Turanci ta Zamanin Biktoriya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce 'yar aji biyar a wata sakandare a Zariya, ina ɗaukar darasin adabin Turanci. Malaminmu ya ba mu waƙar Alfred Tennyson mai suna "Crossing the Bar", ya ce mu yi sharhi a kan harshenta da zubinta da tsarinta. Na jera duk dabarun salon da na gano a cikinta, amma da aka dawo mini da takardata sai na ga maki kaɗan, an rubuta a gefe cewa lissafi na yi, ban yi sharhi ba. Ina kuskurena yake?

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Malaminki ya faɗa miki gaskiya, kuma ya zaɓa muku waƙa mai kyau, domin ta taɓa shiga manhajar jarrabawar WAEC. Kuskurenki shi ne kin tsaya a inda ya kamata ki fara. Mai duba takarda ya riga ya san akwai siffantawa a waƙar. Abin da yake so ya ji daga gare ki shi ne aikin da siffantawar ta yi, da abin da waƙar za ta rasa in an cire ta. Kayan aikin kuwa suna hannunki tun daga ajin Hausa: jigo, salo, baiti, ɗango, amsa-amo, gangara da saɓi-zarce. Da su za mu feɗe wannan waƙa.

Sarauniya Biktoriya ta mulki Birtaniya daga 1837 zuwa 1901, Tennyson kuma ya zama mawaƙin fada a 1850. Ya rubuta wannan waƙa a 1889 yana da shekara 80, a lokacin da yake tsallaka ruwa zuwa gidansa da ke tsibirin Wight. Wannan ya ishe ki na tarihi: tsoho ne mai hangen ajalinsa.

Ki fara da kalma guda, wato "bar", domin wanda bai gane ta ba bai shiga waƙar ba. Tudun yashi ne da ke taruwa a bakin mashiga, tsakanin matsayar jirage da buɗaɗɗen teku. In kin taɓa ganin babban kogi da rani, yadda yashi yake fitowa a tsakiya har kwalekwale ya kafe, to kin ga irinsa. Idan ruwa ya yi ƙasa, igiyarsa tana dukan tudun tana fitar da wani sauti, shi ne mawaƙin ya kira "moaning", wato nishi, ya kuma roƙi kada a ji shi ranar da zai tashi. A nan kalma ɗaya ta ɗauki kaya biyu: nishin ruwa a kan yashi, da kukan waɗanda za a bari a baya. Abin da yake so shi ne ruwa ya cika ya batse har ya zama kamar yana barci alhali tafiya yake yi, ba ƙara ba kumfa, jirgi ya wuce ta kan tudun ba tare da ya taɓa shi ba. Ki lura bai ambaci mutuwa ko sau ɗaya ba a ɗango 16 ɗin nan, amma babu ɗangon da ba maganarta yake yi ba.

Sai zubi, wanda a nan ne ɗalibai suka fi yin asarar maki. Waƙar 'yar ƙwar huɗu ce mai baiti huɗu, amsa-amon ɗango na farko yana haɗuwa da na uku, na biyu da na huɗu. Yawancin ɗalibai nan suke ajiye biro. Ke kuwa ki ɗauki fensir ki ƙirga gaɓoɓin kowane ɗango, kina tuna cewa "evening" gaɓa biyu ake furta ta. Baiti na farko zai ba ki 6, 6, 10, 6. Na biyu 10, 6, 10, 4. Na uku 6, 6, 10, 4. Na ƙarshe 10, 6, 10, 6. Ki karanta da murya, za ki ji dogon ɗango ya miƙa gajere ya janye, kamar yadda igiyar ruwa take hawa gaɓa ta koma. Tsawon bai bi ƙa'ida ɗaya tilo ba, kamar yadda igiya biyu ba sa zuwa daidai da juna.

Wurin da ya fi taɓa ni shi ne ƙarshen baiti na biyu. Bayan ɗango mai gaɓa goma da ke magana a kan abin da ya fito daga zurfin da ba shi da iyaka, sai ga kalmomi uku kacal: "Turns again home", ma'ana ya juya ya koma gida. Karin waƙar Hausa a kan nauyin gaɓa yake tafiya, na Turanci kuwa a kan ƙarfin furuci, kuma yawancin ɗangwayen wannan waƙa da gaɓa mai rauni suke farawa sannan mai ƙarfi ta biyo. Wannan ɗango da ƙarfi ya fara, don haka kunne yana jin juyawar a daidai kalmar da ke nufin juyawa, sannan numfashi ya sauka a kan "home". Mutuwar da ta fara a matsayin fita zuwa teku ta koma dawowa gida.

Tsari kuma shi ne yadda tunani yake tafiya daga farko zuwa ƙarshe. Ki duba alamomin rubutu: baiti na farko bai ƙare da aya ba, ya zarce cikin na biyu, haka na uku ya zarce cikin na huɗu. Saɓi-zarce ke nan, kuma shi ya raba waƙar gida biyu. Kowane rabi yana buɗewa da lokaci: na farko da faɗuwar rana da tauraron maraice, na biyu da almuru da ƙararrawar yamma, sannan duhu. Ke nan tsakanin baiti na farko da na uku dare ya ƙara kusatowa, abin da ido yake gani ya koma abin da kunne yake ji, domin haske ya tafi.

A baitin ƙarshe ya ce yana fatan ganin Matuƙinsa ido da ido, ya kuma rubuta "Pilot" da babban baƙi, abin da ke nuna Ubangiji yake nufi. Lafazin ganin fuska da fuska kuwa daga Littafi Mai Tsarki na Kirista ya samo shi. Amma ki tsaya a kan "I hope". Fata ya yi, bai ce ya tabbata ba. A zamanin da littafin masanin kimiyya Charles Darwin na 1859 a kan asalin halittu ya girgiza imanin mutane da yawa a Ingila, wannan kalma tana da nauyi, kuma kina da damar ki kawo fassara biyu: ko tawali'un mai imani ne, ko ragowar shakka. Ni na fi karkata ga na farko, saboda natsuwar da ta lulluɓe sautin waƙar tun daga farkonta, amma in kin zaɓi na biyu kika kafa hujja da kalmomin mawaƙin, ba wanda zai hana ki makinki.

Idan kin zo sake rubutawa, maimakon ki ce "akwai amsa-amo a waƙar", ki rubuta irin wannan: "Amsa-amon 'star' da 'bar' na baitin farko ya dawo a baitin ƙarshe da 'far' da 'bar', sai dai a farko tudun yana gaban mawaƙin, a ƙarshe kuwa yana hangen kansa bayan ya tsallake shi, don haka sautin ma ya koma inda ya fito kamar yadda yake fatan ransa ya koma." Jimla ɗaya ce, amma ta kawo hujja, ta ambaci dabara, ta faɗi aikinta. Kina iya ƙarawa da cewa Tennyson ya nemi a riƙa sanya wannan waƙa a ƙarshen kowane kundin waƙoƙinsa, ko da yake ba ita ya rubuta daga ƙarshe ba, kuma ya rasu a watan Oktoba na 1892, shekara uku bayan rubuta ta.