Ga ƙanenmu mai tayin Legas: ni ma na zauna a bencin baya

Ƙanena, na karanta tambayarka jikina ya yi sanyi. Ka ce wani furodusa a Legas ya ji muryarka, yana so ku yi waƙoƙin da kowane gidan rediyo zai saka, har da na soyayya, fasto kuma ya ce in ka tafi to ka ajiye rigar kwaya, shin ka je ko ka haƙura. Na ga masu ce maka tarkon Shaiɗan ne, na ga masu cewa ka ɗauki jaka yau ɗin nan. Yawancinsu ba a taɓa karanta sunansu a gaban ikilisiya ba. Ni an karanta nawa.

Abin da na yi ma bai kai wanda ake kiranka ka yi ba. Waƙar aure ce, ta amarya da ango, babu batsa ko ta kalma ɗaya. Rediyo ta ɗauka, masu kiɗan biki suka ɗauka, daga nan ta shiga mashaya, inda ba ni na kai ta ba. Sai wani dattijo ya kai ƙara wai ya ji muryata tana tashi daga gidan giya. Me ya kai kunnensa wurin, babu wanda ya tambaye shi. Ba a kira ni an ji ta bakina ba. Ranar Lahadi bayan sanarwa sakatare ya gyara tabarau ya karanta sunana har da na mahaifina, ya ce an sa ni a horo. Mamata tana zaune a tsakiyar matan zumunta, daga inda nake ina ganin bayan ɗankwalinta, ba ta ɗaga kai ba har aka tashi. Aka nuna mini bencin baya. Ba cin Jibin Ubangiji, ba kwaya, ba taɓa jita, jitar da da kuɗin aljihuna nake saya mata tsirkiya. Yaron da ni na koya wa riƙe ta shi aka ba, yana kuskure ina ji, ba damar in yi magana. Waɗanda muke cin tuwo a kwano ɗaya bayan bita suka koma gaishe ni daga nesa da ɗan yatsa.

Shi wannan dattijon kuwa, da auren 'yarsa ya zo, ɗansa ya aiko mini. Wai Baba ya ce in zo in yi wa amarya waƙar nan. Waccan waƙar dai! Kuma kyauta, wai ai aikin Ubangiji ne. Na yafe masa, don an ce mu yafe, amma ko yanzu da nake rubuta wannan hannuna rawa yake yi. Bai taɓa cewa yi haƙuri ba. In mun haɗu sai ya washe baki ya ce ɗanmu mawaƙi.

To ka sani wannan rigimar ta girme mu duka. Sam Cooke a Amurka shi ne jagoran mawaƙan bishara na Soul Stirrers, da zai fitar da waƙarsa ta farko ta duniya a 1957 sai da ya ɓuya a bayan sunan Dale Cook don tsoron mutanen coci, duk da haka murya ta tona shi. Amy Grant, mawaƙiyar bishara a Amurka, ta hau lamba ɗaya da waƙar soyayya a jadawalin waƙoƙi na Billboard a 1991, 'yan'uwa suka ce ta sayar da bangaskiyarta. Mu dawo gida: Jeremiah Gyang ɗan Jos, mawaƙi na farko da Chocolate City ta ɗauka, da amshin Hausa ya sa waɗanda ba su jin yaren a kudu suna rera “Na Ba Ka”, kuma miƙa rai ga Allah waƙar take magana. Mercy Chinwo a gasar Nigerian Idol ta 2012 ƙasa ta fara saninta, gasar da wasu dattawanmu da sun hana 'yarsu shiga, yau su ne ke rawa da waƙoƙinta na bishara lokacin baiko a coci. Sinach, mawaƙiyar bishara 'yar Nijeriya, ba ta rage komai na bangaskiyarta ba a “Way Maker” ta 2015, Turawa ne suka biyo ta suna maimaitawa, har ta ci Dove, kyautar waƙoƙin Kirista ta Amurka, ta waƙar shekara a 2020.

Maganar soyayya kuma, don Allah a daina yi mana kamar ba a karanta Waƙar Waƙoƙi. Tana nan cikin Littafi Mai Tsarki, ba mu muka saka ta ba. Dawuda a fadar Saul ya yi kiɗa, ba a haikali ba. Ni a ganina Kirista zai iya yi wa matarsa waƙa, ya yi wa manomi, ya yi wa zaman lafiyar Kaduna, bai fita daga hannun Yesu ba. Amma in suka ce ka goge sunan daga waƙar da don shi ka rubuta ta, wannan wata magana ce daban. Baba Panam Percy Paul, babban mawaƙin bishara, da bakinsa ya faɗa cewa a 1995 ya ƙi kwantiragin fam miliyan 24 saboda an ce ya rage ambaton Yesu. Tambayi furodusan ƙiri-ƙiri: me za a ce in cire, me za a sa in saka, su wa za su yi rawa a bidiyo, da wace irin shiga? In ya hau kame-kame ka samu amsarka.

Ni ba rediyo nake ji maka tsoro ba, takarda nake ji maka. Kuɗin da za su ba ka da farko ba kyauta ba ne, bashi ne, daga cinikin waƙarka za su cire shi har da kuɗin situdiyo da bidiyo da otal kafin ka ga sisi. Duba shekara nawa za su riƙe ka, wa ya mallaki asalin rikodin, sunan wa ke kan asusun YouTube da Boomplay da Audiomack. Ka nemi lauyanka na kanka, ba wanda suka kawo ba. Kuma kar ka ɗauka cewa don mutum ya buɗe taro da addu'a ba zai cuce ka ba. Mu da muka shekara ana sallamarmu da Allah ya saka da kuɗin mota mun san wannan, ka yi dare kana waƙa a taron farkawa, baƙon mai wa'azi a ba shi ambulan, kai a ba ka ruwan leda.

Hausarka ma kar ka yar da ita don ka ga Legas. Masu waƙa da Turanci sun fi yashi yawa a can, abin da kake da shi wanda ba su da shi ita ce.

Kafin ka tafi, in ka yanke tafiyar, ka je gidan fasto da kanka, ba ofis ba, ka ɗauki babanka ko kawunka. Ka faɗa masa irin waƙar da za ka yi da wadda ba za ka yi ba, ka roƙi addu'arsa. Ko ya ƙi, ba wanda zai tashi gobe ya ce ya tsinci muryarka a wani wuri. Mama kuma ta ji daga bakinka tun yanzu, kar ta ji a sanarwa. Ka samu coci a Legas tun makon farko, da mutum ɗaya da zai iya kiranka ya yi maka faɗa ka yi shiru.

In sun turo maka takardar, aiko mini ta saƙon sirri. Akwai wata 'yar'uwa lauya da muke sujada tare, zan roƙe ta ta duba maka kafin ka sa hannu.