Tsohuwar Marsandi mai shan ruwa: in saya ko in haƙura?

Tun da bazara ta kama, rana ta fara haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri, wasiƙun da ke shigowa wannan fili kusan duk kuka ɗaya suke yi: mota ta ɗau zafi. Na ware guda huɗu, uku daga ciki sun shafi manyan motocin alfarma da suka kwana biyu, irin waɗanda ake shigowa da su ta Kwatano bayan sun gama yayinsu a Turai da Amurka.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Dillali ya kawo min Marsandi E320 ƙirar 2003, jiki fes, kujerun fata, kuɗinta bai kai na Corolla tsararta ba. Aibin da mai ita ya faɗa ɗaya ne, wai duk bayan kwana uku ko huɗu sai an ƙara mata ruwa. Akwai kuma Lexus ES330 ta 2005 da ta fi ta tsada. Wacce zan ɗauka? Daga wani ma'aikaci a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, mota mai lafiya ba ta shan ruwa. Ruwan inji a rufe yake zagayawa, daga inji zuwa lagireto ya dawo, sai a yi wata da watanni bai ragu ba. Idan yana raguwa duk kwana uku, to akwai inda yake tafiya, kuma kuɗin da za ka kashe ya danganta da wurin. In ƙasa yake zuba ta tiyo ko famfon ruwa ko tsagewar tankin roba, abin da sauƙi. In cikin silinda yake shiga yana fita ta salansa, gasket ne, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ko tsagewar kan inji. A wannan ƙirar kuma akwai hanya ta uku da dillali ba zai faɗa maka ba, wataƙila shi ma bai sani ba.

Marsandi E-Class da aka fara ƙerawa a 2002, wadda makanikai ke kira W211, wasu daga cikin na farko-farkonta sun fito da lagireto na kamfanin Valeo mai matsala. Man giya yana bi ta wani bututu a cikin lagireton don ya huce, to wurin haɗin ne ke saki, ruwa ya gauraya da man giya. Alamarsa ita ce mota ta riƙa ɗan karkarwa ko gurnani idan ka taka totur a hankali tana ƙaramin gudu. Kuma giyar wannan mota ba ta zuwa da sandar duba mai, sai makanike ya zo da tasa. Mota mai shekara sama da ashirin mai yiwuwa an riga an canja mata lagireto, amma kada ka ɗauka haka ne, sa a duba.

Ka je ganin motar da sassafe, ka kuma gaya musu tun dare kada kowa ya tayar da ita. Ka ɗora hannu a kan inji. In ka ji ɗumi, an riga ka, ka dawo gobe. Buɗe murfin baƙin mai ka leƙa ƙarƙashinsa, ko akwai wani abu mai kama da shayi da madara. Buɗe tankin ruwa ka ga ko mai na yawo a sama, ko ruwan ya yi jan tsatsa. Sannan a tayar. Ka matsa babban tiyon sama: idan cikin minti ɗaya ko biyu ya yi tauri kamar tayar keke alhali inji bai yi zafi ba, ko kumfa na ta tasowa a tanki, iskar silinda ce ke kutsawa cikin ruwa. Ɗan tururi a salansa da safiyar hunturu ba komai ba ne, amma farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya gasu, mai ɗan ƙamshin zaƙi, wannan ruwa ne ke ƙonewa. Bayan haka ka kunna na'urar sanyi, ka shiga da ita cunkoso, ka bar ta a tsaye tana aiki minti ashirin. Ka kuma kasa kunne: in fanka ta kama ruri tun daga kunna makulli, mai yiwuwa an haɗa ta kai-tsaye, kuma galibi ba a yin haka sai an taɓa ganin zafi.

Injin E320 ɗin, V6 ne mai fulogi 12, yana cikin masu ƙwari da Marsandi ta yi, ban raina shi ba. Amma in ni ne, Lexus zan ɗauka. Ƙashin bayanta na Camry ne, kayanta na nan a Ƙofar Ruwa da Panteka, kuma makanikan da suka san ta sun fi yawa. Ita ma da nata sharaɗin: injinta da bel yake aiki ba sarƙa ba, bel ɗin ne kuma ke juya famfon ruwa, ana canja su tare a wajen kilomita 145,000. In ba a nuna maka shaidar an canja ba, ka lissafa kuɗin a cikin ciniki. Marsandin kuwa, sai in an gwada ta da famfon matsi ka ga inda ruwan ke ɗiga da idonka a waje, an kuma rage maka kuɗin gyaran. In ka saya a kan “ɗan ruwa kawai take sha”, to kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Tambaya: Malam, BMW 525i gare ni ƙirar 2001. Ta yi zafi a hanyar Kaduna, na tsaya na ƙara ruwa na lallaɓa gida. Makanikena ya ce a cire tamostat a haɗa fanka kai-tsaye, wai na ƙasar sanyi ne, mu nan ba ma buƙatarsa. In yarda? Daga wani ɗan kasuwa a Kano.

Amsa: Alhaji, kada ka yarda. Na san maganar nan ta zama kamar karatu a garejinmu, uba ya koya wa yaro, yaro ya koya wa nasa yaron. Amma motocin da ake sayarwa sababbi a Saudiyya da Dubai, inda zafi bai gaza namu ba, da tamostat ɗinsu suke fitowa.

Aikinsa shi ne ya riƙe inji a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki, wajen digiri 90. In an cire, a buɗaɗɗen titi inji zai riƙa tafiya da sanyi, kwamfutar mota ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta yi ta ƙara fetur. Ka sha mai, fulogi ya yi baƙi, fetur ɗin da bai ƙone ba ya wanke man da ke jikin silinda, ringi ya ci. Ga kuma abin da ba a cika faɗa ba: a injuna da yawa, tamostat idan ya buɗe hanyar lagireto yana toshe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma inji. In babu shi, wani kaso na ruwan zai yi ta kewayawa ta gajeriyar hanyar bai je ya huce ba, sai ka tarar a cunkoso motar ta fi da zafi. Na irin motarka ma har wayar lantarki gare shi, kwamfuta na sarrafa shi, cire shi zai jawo maka wata fitinar daban.

Abin da ke damun motarka, a mafi yawan lokuta, tsufan roba ne. BMW ta wannan zamanin ta yi tankin ruwa da wuyan lagireto da gidan tamostat duk da roba, kuma roba da ta shekara ashirin tana dahuwa tana hucewa ta zama kamar busasshen ƙwarya. Tare suka tsufa, tare kuma suke mutuwa. Ka canja tanki yau, mako biyu wuyan lagireto ya ɓalle, ka ce makanike ya cuce ka. Shawarata, in aljihu zai ɗauka, a yi su lokaci ɗaya: lagireto, tanki da murfinsa, tamostat, famfon ruwa, manyan tiyo biyu, a duba kulocin fanka da fuka-fukanta. Kuma sababbi, domin na Beljiyam a nan ba gwaninta ba ce, robarsu tsarar wadda ka cire ce. Kada a raina murfin tanki. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100, amma matsin da murfi ke riƙewa yana ɗaga shi zuwa 120 ko fiye. Murfin da ya saki yana sa mota amai alhali komai nata lafiya. A kuma raba lagireto da na na'urar sanyi da ke gabansa a wanke tsakaninsu, za ka sha mamakin ƙurar hunturu da leda da gashin kaza da ke maƙale a wurin. Bayan an zuba ruwa, a fitar da iska ta ɗan sukurun da aka tanada, in ba haka ba sabon kaya ma zai yi zafi.

Abin da ya fi tsaya min a rai a wasiƙarka shi ne lallaɓawar da ka yi zuwa gida. Injin nan gangar jikinsa alminiyam ce. Idan ya gasu sosai, ba gasket kaɗai ke tafiya ba, zaren da kusoshin kan inji ke kamawa yana iya zarewa, a zo ɗaurewa su ƙi kamawa. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Kafin ka sayi ko tiyo ɗaya, a yi mata gwajin hayaƙi a tankin ruwa, wanda ake yi da wani shuɗin ruwa da ke komawa rawaya in iskar silinda na shiga. Gaba kuma in allura ta doshi ja, ka kashe na'urar sanyi, ka gangara gefe, ka kashe inji. Kada ka buɗe murfi da zafi, kada kuma a kwara wa inji ruwan sanyi, yadda 'yan taimako a bakin titi ke son yi.

Tambaya: Mahaifinmu ya rasu ya bar Marsandi 230E, wadda ake ce wa V-boot. Gasket ɗinta ya ƙone. Wani ya ce a gyara, wani ya ce a sayi injin Beljiyam a huta. Ba na son a sayar da ita. Daga wata malamar makaranta a Katsina.

Amsa: Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Malama, a gyara. An daina ƙera 230E tun farkon shekarun 1990, saboda haka duk injin da za a sauke miki a kasuwa ya haura shekara talatin, kuma ba ki san wahalar da ya sha ba. Naku kuwa kun san tarihinsa. Gangar jikin wannan inji ƙarfe ce mai jure wuya, kansa ne alminiyam, shi ne ke lanƙwasa. A kai kan wurin masu injin gyara su auna shi, su gwada ko ya tsage, su share shi in da buƙata. A sa gasket mai kyau, a auna kusoshi a canja waɗanda suka miƙe, a ɗaure da sifana mai ma'auni bisa jerin da kamfani ya tsara. Makaniken da ya ce hannunsa ne ma'auni, ki gode masa ki nemi wani. Kuma ki dage a gano abin da ya fara kawo zafin, lagireto ne ya toshe ko fanka ce ba ta kamawa, domin gasket ba ya ƙonewa haka kawai. Sai in an buɗe an tarar silinda ta ci ko kan ya tsage ne za a fara maganar wani inji.

Tambaya: Ruwan kulant kala-kala ne a kasuwa, ja da kore da shuɗi. Wanne ya fi? Ko ruwan leda ya isa? Daga Maraɗi.

Amsa: Kala rini ce kawai, ɗan'uwa, kamfanoni ba su haɗu a kan ma'anarta ba. Ka duba littafin motarka ko rubutun jikin galan ka ga ko ya ambaci irin motar. Kada ka gauraya iri biyu, wasu in sun haɗu suna yin dasƙare su toshe lagireto. Amfanin kulant a wurinmu shi ne hana tsatsa da cin alminiyam, yana kuma ɗan ɗaga zafin tafasa. Wani a gauraye yake zuwa, zubawa kawai za ka yi. Mai kauri kuwa rabi da rabi ake haɗa shi da tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir, ka tabbata ba mai asid aka ba ka ba. Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin farin dutse a ciki, irin wanda kake gani a gindin butar shayi. Na leda zai fitar da kai in ka maƙale a hanya, in ka isa gida a zubar a sake. Kulant ɗin da aka zubar kuma kada a bar shi a kwano a tsakar gida, zaƙi gare shi kuma guba ne, yara da awaki na iya sha.