Tsakanin Kara da Son Kai: Amsa ga Masu Tambaya

Wata baiwar Allah ta aiko da tambaya a kan karin maganar nan da ke cewa, "So duka so ne, amma son kai ya fi." Ta ce ta daɗe tana jinyar mahaifiyarta ita kaɗai, har ta ajiye sana'arta, ta daina ziyartar ƙawayenta, amma ranar da ta roƙi 'yan uwanta su karɓe ta na ɗan lokaci domin ta huta, sai aka jefe ta da wannan magana. Tana so ta san ko neman hutu son kai ne.

'Yar uwa, Allah ya ba mahaifiyarki lafiya, ya saka miki da alheri. Wannan karin magana ba umarni take bayarwa ba, tana bayyana halin ɗan Adam ne kamar yadda aka same shi, shi ya sa ake jin ta a bakin mai zargi, a kuma ji ta a bakin mai ba da uzuri. Amma a maganar yau da kullum, ana kiran mutum mai son kai ne idan ya fifita amfaninsa ta hanyar tauye haƙƙin wani, wato ya kwashi daɗin ya bar wa wasu wahalar. Da wannan ma'auni, wadda ta nemi a raba jinya tsakanin 'ya'yan da uwa ɗaya ta haifa ba ta tauye kowa ba, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ki dubi yadda Hausa ta sarrafa kalmar "kai", wadda take nufin sashen jiki, take kuma nufin mutum shi kansa, kamar a "kaina" da "kanki". An gina maganganun zargi a kanta, irin su son kai da girman kai da ji da kai. An kuma gina na yabo, irin su kamun kai da dogaro da kai da sanin ciwon kai. Idan aka ce yarinya ta san ciwon kanta, ana nufin ta yi hankali, ta gane abin da zai amfane ta da abin da zai cutar da ita, kuma ban taɓa jin an faɗi haka da nufin suka ba. Harshen da ya yabi wanda ya san ciwon kansa bai ɗora wa kowa ya manta da kansa ba. Karin maganar da ta fi dacewa da halinki ita ce "Iya ruwa fid da kai," domin wanda ya faɗa kogi ceton wani alhali ba zai iya fitar da kansa ba, ya ƙara wa masu ceto aiki ne kawai. Mai jinyar da ba ta barci, ba ta ganin kowa, ba ta da abin hannunta, haƙurinta zai ragu, kuma majinyaciyar ce za ta fara ganin hakan. A hadisin da Bukhari ya ruwaito, Salmanul Farisi ya gaya wa Abud Darda'i cewa Ubangijinsa yana da haƙƙi a kansa, ransa yana da haƙƙi a kansa, iyalinsa ma haka, don haka ya ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa, kuma Annabi (SAW) ya ce Salmanu ya yi gaskiya.

Wani magidanci kuma ya ce matarsa ta kira shi "inuwar giginya", yana neman ma'anar. Cikon maganar shi ne "na nesa ka sha ki." Giginya doguwa ce, ba ta da rassa, ganyenta yana can ƙololuwa, saboda haka inuwarta takan faɗa nesa da gindinta, wanda ya jingina da ita rana ta yi ta dukansa. Kalmar "ka" da ke cikin wannan cikon ba wakilin suna ba ce, daidai take da "ke" ta daidaitacciyar Hausa, kuma har yau tana raye a karin harshen Sakkwato. Malam, ana gaya maka ne cewa alherinka yana tsallake na jikinka ya sauka a kan bare. Ina ganin ya kamata ka saurari uwargida da kyau, domin aya ta 29 a Suratul Isra'i ta hana ƙuƙunce hannu a wuya, ta kuma hana shimfiɗa shi gaba ɗaya har mutum ya koma abin zargi.

Tambaya ta uku daga wani ɗalibi take, a kan bambancin kara da haƙuri, domin ya ce ba ya iya cewa a'a ga kowa. Haƙuri jure abin da ba ka da ikon sauyawa ne, ko danne fushi alhali kana iya ramawa. Kara kuwa ita ce ka janye buƙatarka da ganin dama domin girmama wani. Kyawunta yana ga cewa ɓangare biyu ke yin ta: kai ka ce ka bar masa, shi kuma ya ji nauyi ya ƙi karɓewa duka. Idan ɗaya ne kullum yake janyewa, ɗayan kuma kullum yake miƙo hannu, to ta tashi daga kara ta koma cutar da kai, kuma ƙarshenta a ji an ce tura ta kai bango, zumuncin da ake tattali ya lalace a rana ɗaya.

A. H. M. Kirk-Greene, wani Bature masanin Hausa, a nazarinsa kan mutumin kirki da aka buga a 1974, ya jera karamci da haƙuri da kunya cikin siffofin da Bahaushe yake yabo, ya kuma haɗa su da hankali da mutunci da adalci. Mutunci daga "mutum" aka samo shi, kuma kamar yadda ake hana ka cin na wani, haka ake son ka kare naka. Hausa ba ta rasa lafazin ƙi mai ladabi ba. Kana iya cewa, "A yi mini uzuri, ba zan samu dama ba a wannan karon," ko ka ce, "Ga abin da zan iya, sauran a nemi wani ya kama." Na biyun ya fi amfani ga wanda ya saba amsa kowace buƙata, domin ya faɗi iyakarsa tun kafin a dogara da shi.