Me ya haɗa ɗalibar jinya da darasin ɗakin gwaji?

'Yar'uwa, kin tambaya me ya sa ake koya wa ɗaliban jinya gwaje-gwajen asibiti alhali ɗakin gwaji na da ma'aikatansa. Ni a ganina darasin ma bai isa ba.

Kafin jini ya kai ga mai gwaji, sau da yawa ta hannun nas yake bi. Ita ke ɗibarsa, ita ke rubuta sunan majiyyaci a jikin kwalba. In ta girgiza kwalbar da ƙarfi, jajayen ƙwayoyin jini na iya fashewa, sai fotasiyam, wani sinadari da ake aunawa a jini, ya hau a takardar sakamako, mutum kuwa lafiyarsa ƙalau. In ta ɗiba a hannun da ake ƙarin ruwa, jinin ya gauraya ke nan. Na'ura ba ta san wannan ba, abin da aka ba ta take aunawa.

Ga kuma karanta sakamako. Fotasiyam na mai lafiya yana tsakanin 3.5 da 5.0. Nas ɗin da ta ga 6.5 da tsakar dare, dole ta san zuciya na cikin haɗari, ta kira likita nan take. Ina roƙon malamai su riƙa kawo takardun sakamako aji, a goge sunaye, ɗalibai su fassara da bakinsu.