Makarantar kuɗi, WAEC da NECO, da jiran jami'a: amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Malam, ɗana yana aji huɗu a firamaren gwamnati a nan Tudun Wada, Gombe. 'Ya'yan maƙwabta duk makarantar kuɗi suke zuwa, har mota ke ɗaukarsu. Ni ɗinki nake yi, kuma wata mai zuwa zan kwashi adashi. In mayar da shi can?

Amsa: Hajiya, Allah Ya yi wa yaro albarka. Kafin ki taɓa kuɗin adashin nan, yau bayan sallar isha ki zaunar da shi, ki miƙa masa littafin da bai taɓa gani ba. Ya karanta layi biyar da Hausa, biyar da Turanci, sannan ya faɗa miki da bakinsa abin da ya fahimta. Daga nan ki ce kin aike shi da naira 1,000 ya sayo sabulu biyu, kowanne 350, nawa ne canji? In ba ki yi boko ba, ki kira wata 'yar sakandare a unguwa ta saurara. Na matsa a kan wannan ne saboda daga aji huɗu malami ya wuce koyar da haɗa baƙi. Zai cika allo ne ya ce a kwafa, kuma yaron da bai iya karatu ba zai yi ta kwafa da kyakkyawan rubutu har aji shida ba wanda ya lura.

Idan ya karanta, ya kuma gane, ki bar shi inda yake. Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ce karatun shekara tara, firamare shida da ƙaramar sakandare uku, kyauta ne kuma wajibi, don haka haƙƙinsa yake ci. Ki saya masa littattafan karatu, ki samo mai yi masa darasin yamma bayan ya dawo Islamiyya, ragowar kuɗin ki adana don jarrabawar shiga kwalejojin tarayya da hukumar jarrabawa ta NECO ke shiryawa a aji shida. Akwai irinsu a Billiri, ga ta 'yan mata a Bajoga.

Idan kuwa ya yi ta in'ina, to akwai aiki, amma mota da kayan makaranta kala biyu ba su ne maganin ba. Hausawa suka ce ba girin-girin ba, ta yi mai. Akwai makarantun kuɗi na ƙwarai a Gombe, akwai kuma waɗanda gidan haya ne kawai aka shafa wa fenti. Ki je da kanki da hantsi ranar karatu, ba tare da kin sanar ba. Ki roƙi a nuna miki littafin rubutun wani ɗan aji huɗu. Ki duba ko akwai jan biro a ciki, ko malami ya gyara kuskure ya sa yaro ya sake, ko kuwa shafi goma ne a jere ba hannun kowa. Ki ƙirga yaran ajin da idonki. Ki tambayi tun yaushe malamin ajin yake wurin, domin inda albashi bai taka kara ya karya ba malamai ba sa daɗewa, yaro sai ya ga sabuwar fuska kowane zango. Ki tambaya ko yana da NCE, wadda ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a ƙasar nan, da kuma takardar amincewar ma'aikatar ilimi ta jiha.

Sannan a rubuta miki kuɗin shekara gaba ɗaya: zango uku, littattafai, kayan makaranta, kuɗin jarrabawa, mota, har da bikin ƙarshen shekara. Adashi sau ɗaya ake kwasa, makaranta kuwa sau uku take nema a shekara. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne ganin yaro da jaka a baya ƙarfe tara na safe yana komawa gida, an koro shi saboda cikon kuɗi. In kin san ba za ki iya riƙe shi can har ya gama aji shida ba tare da cin bashi ba, ki je ki ga malamin ajinsa na yanzu, ki sa masa darasin karatu zalla na wata uku, ki sake gwada shi.

Tambaya: 'Yata tana ajin ƙarshe a sakandare a Azare. In biya mata WAEC da NECO duka? Wani abokina ma ya ce in kai rajistarta wata makarantar ƙauye inda ake taimaka wa yara.

Amsa: Alhaji, jami'o'in Najeriya suna karɓar duka biyun. WAEC ta girme, tun 1952 take, NECO kuwa an kafa ta a 1999, hedikwatarta na Minna. Abin da ake nema kiredit biyar ne har da Turanci da Lissafi, wato daga A1 zuwa C6. D7 da E8 ba sa shiga lissafi. Fannoni da yawa suna yarda a haɗa sakamakon zama biyu, amma irin su likitanci jami'o'i da dama zama ɗaya suke so. In da hali, ka biya duka. In babu, ka fara tambayar shugaban makarantar ko gwamnatin jiha ta ɗauki nauyin ɗaya daga ciki bana, sai ka biya ɗayar. In ma ɗaya kaɗai ta samu, duka hukumomin suna da jarrabawar 'yan waje da ake yi daga baya, za ta iya cike abin da ta rasa.

Maganar abokinka kuwa, ka yi haƙuri, ban goyi baya ba ko kaɗan. Satar amsa ce aka sa wa suna taimako. Laifi ne a dokar 1999 kan maguɗin jarrabawa, kuma hukumomin suna riƙe sakamakon cibiya sukutum, mai laifi da marar laifi. Ko ta tsallake, tun 2015 JAMB a kwamfuta ake yin ta, ita kaɗai za ta zauna gaban allo. Kuɗin da za ka ba su ka saya mata tambayoyin shekarun baya, ka biya mata 'yan sa'o'i ta saba da kwamfuta. Ka kuma duba tun yanzu cewa sunanta da ranar haihuwarta iri ɗaya ne a NIN da rajistar makaranta, don bambancin harafi ɗaya yana jawo zirga-zirgar watanni.

Tambaya: Sau biyu ina JAMB ban samu injiniyanci a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) ba. Na samu gurbi a kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a nan Bauchi, amma abokaina sun ce in ƙara jira.

Amsa: Ɗana, ka karɓa. Difloma shekara biyu ce, kuma da sakamako mai kyau za ka iya neman shiga jami'a kai tsaye aji biyu ta hannun JAMB, ko ka yi shekarar sanin makamar aiki ka wuce babbar difloma. In kuɗin rajista ne matsalar, akwai bashin ɗalibai na NELFUND da aka fara a 2024, ba ruwa a kansa, kuma sai shekara biyu bayan bautar ƙasa ake fara biya. Ka je ofishin kula da harkokin ɗalibai ka tambayi yadda ake cikewa kafin a rufe rajista.