Tambaya da Amsa: Da gaske akwai halittun da ke cin ɗanyen mai a taɓon bakin teku?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni manomin rani ne a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Auyo ta Jihar Jigawa. Kwanakin baya na ji a rediyo ana cewa akwai wasu ƙananan halittu a taɓon bakin teku da ke cinye ɗanyen mai idan ya malala. Maganar ta tsaya mini a rai, domin a gefen gonata, inda nake girke injin ban ruwa, baƙin mai ya daɗe yana ɗiga har ƙasar wurin ta yi baƙi ta daskare, ko ciyawa ba ta fitowa. Shin maganar gaskiya ce? In gaskiya ce, ana iya samo halittun a zuba a wurin?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Abin da ka ji gaskiya ne. Halittun da ake magana ƙwayoyin bakteriya ne, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Da yawanmu in muka ji sunan bakteriya sai hankalinmu ya tafi ga cuta, alhali galibinsu ba sa cutar da kowa. Su ne ke mayar da madara nono, su ne ke sa dafaffiyar kalwa ta zama daddawa, kuma suna cikin masu ruɓar da tarkacen juji har ya zama takin da kake kai wa gona da jaki.

Ɗanyen mai asalinsa ragowar ƙananan halittun ruwa ne da ƙasa ta binne shekaru miliyoyi, kuma kusan dukkansa sinadaran kabon da haidirojin ne, wato abinci ne ga duk halittar da ta iya warware shi. Tun kafin ɗan Adam ya haƙa rijiyar mai ta farko, man yana tsatsafowa da kansa ta tsagogin ƙarƙashin teku, har masana a Amurka suka ƙiyasta a 2003 cewa kimanin tan 600,000 ne ke shiga tekunan duniya ta wannan hanya kowace shekara. Saboda haka akwai bakteriyar da suka daɗe da sabawa da wannan cima. Wadda ta fi shahara ita ce Alcanivorax borkumensis, da aka bayyana a 1998 bayan an samo ta kusa da tsibirin Borkum a gaɓar Jamus. A ruwa mai tsabta da ƙyar ake samunta, amma da zarar mai ya zuba sai ta hayayyafa har ta rinjayi sauran. Wata kuma, Cycloclasticus, da aka fara samowa a taɓon gaɓar yammacin Amurka, ta ƙware ne a kan sinadaran mai masu siffar zobe, waɗanda suka fi wuyar narkewa, wasunsu ma suna jawo ciwon daji. Babu wata guda da ke cinye man gaba ɗaya. Aikin gayya suke yi, wannan ta ci nata rabo ta bar saura ga waccan.

Da yake mai da ruwa ba sa haɗuwa, wasunsu kan fitar da wani abu mai aiki irin na sabulu, ya daddatsa man ya koma ƙananan ɗigo, su kuma su manne a jikin ɗigon. Daga nan sai su cusa iskar oksijin a cikin sinadarin man, su riƙa gutsurarsa kaɗan-kaɗan, har ya koma ruwa da iskar da muke fitarwa wajen numfashi, wani kaso kuma ya zama jikinsu.

Batun iskar oksijin ɗin nan shi ne zuciyar maganar, kuma kana iya ganinsa da idonka ba sai ka je teku ba. Idan ruwa ya janye daga fadamar kogin Haɗeja, ka tura yatsa cikin laka ka ɗago. Za ka ga samanta ruwan ƙasa ne, amma daga ka wuce wannan 'yar fatar sai ka tarar da baƙin taɓo mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Iyakar fatar nan ita ce iyakar inda iska ke kaiwa, kuma a taɓo mai laushi na bakin teku sau da yawa ba ta wuce 'yan milimitoci. A ƙarƙashinta akwai wasu bakteriya da ke rayuwa babu oksijin, suna dogaro da sinadarin salfet na ruwan gishiri, kuma su ne ke haifar da warin nan. Su ma suna cin mai, amma da tafiyar hawainiya. Don haka man da ya tsaya a saman yashi, inda igiyar ruwa ke juya shi, yana iya raguwa sosai cikin watanni, shi kuwa wanda ya nutse cikin taɓo yana iya kwana a nan shekaru gommai.

An ga wannan a jihar Alaska ta Amurka. A watan Maris na 1989 jirgin dakon mai Exxon Valdez ya daki dutse, ya zubar da kimanin galan miliyan 11. Masu aikin tsaftacewa suka lura cewa bakteriyar suna nan a gaɓar, abin da ya yi musu ƙaranci shi ne naitirojin da fosfaras, wato sinadaran da manomi ke nema a buhun takin zamani. Aka fesa taki a kan duwatsun gaɓar, cikin 'yan makonni aka ga bambanci tsakanin inda aka fesa da inda ba a fesa ba. Duk da haka, bayan fiye da shekara ashirin, masu bincike na haƙa rami a wasu gaɓoɓin su tarar da man yana nan a ƙasa inda iska ba ta isa. A mashigin tekun Meksiko ma, inda dandamalin haƙar mai na Deepwater Horizon ya fashe a Afrilun 2010, rijiyar man ta yi kwana 87 tana ambaliya, bakteriya sun cinye kaso mai yawa na iskar gas da man da ya watsu cikin ruwa, amma ɓangaren mai nauyi irin na kwalta ya ci gaba da fitowa a bakin gaɓa dunƙule-dunƙule.

Misalin da ya fi taɓa ni shi ne na gida. Rahoton da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a kan ƙasar Ogoni da ke Jihar Ribas a watan Agustan 2011 ya nuna cewa dogaro da juya ƙasar sama a bar bakteriya su yi aiki bai wadatar ba, domin a wurare da dama man ya nutse har zurfin mita 5. A Nisisioken Ogale an tarar mutane na shan ruwan rijiya mai sinadarin benzin, wani guba da ke cikin ɗanyen mai, fiye da ninki 900 na ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma rahoton ya ce gyaran yankin zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Shi ya sa ba na jin daɗin yadda wasu ke ba da labarin bakteriyar nan kamar an sami maganin malalar mai, alhali masunta da manoman da abin ya shafa suna nan suna jira.

Game da gonarka, ba ka bukatar komai daga teku. Bakteriyar can sun saba da ruwan gishiri, ba za su yi ƙarko a fadamar Auyo ba, kuma gwaje-gwaje da dama sun nuna cewa waɗanda aka kawo daga waje ba kasafai suke fin 'yan gida ba. Ƙasar gonarka tana da nata masu cin mai, irin su Pseudomonas da Rhodococcus. Abin da ya hana su aiki shi ne man ya yi yawa, ya toshe ƙasar, iska da ruwa ba sa shiga.

Ka fara da tsayar da ɗigar. Ka sa rabin jarka ko tsohon faranti a ƙarƙashin injin, kuma duk lokacin da ka yi juyen mai ka tara baƙin a jarka mai murfi ka kai wa bakanike, kada ya taɓa ƙasa. Wannan ya fi muhimmanci a fadama, inda ruwan ƙasa yake kusa, ga shi sau da yawa injin yana girke ne daf da bakin rijiyar da ake sha daga gare ta. Sannan ka haƙe ƙasar da ta yi baƙi har sai ka kai inda launinta da warinta suka koma daidai, ka kwashe ta zuwa tudu nesa da rijiya da hanyar ruwa, ka baza ta a kan tamfol, kaurinta kada ya wuce taƙi ɗaya. Ka farfasa ta, ka gauraya da ruɓaɓɓen takin dabbobi ko kashin kaji, ka ƙara buntun shinkafa domin ta saki jiki iska ta ratsa. Ka riƙa yayyafa ruwa ta zauna da danshi irin na shuka, ba jagwab ba, domin in ta jiƙe sharkaf ka mayar da ita taɓon nan marar iska. Duk mako ɗaya ko biyu ka juya ta da fartanya. Zafin ƙasarmu yana taimakawa, amma aikin na watanni ne, domin man inji ya fi fetur nauyi da wuyar ci.

Akwai abin da bakteriya ba za su iya da shi ba. Baƙin mai yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarafa daga jikin inji, har da dalma, kuma babu halittar da ke narkar da ƙarfe ya ɓace. Saboda haka ko da warin ya tafi, kada ka mayar da ƙasar nan cikin fangalin latas, alayyafo ko karas; ka zuba ta a gindin itatuwan shinge waɗanda ba a cin ganyensu ko 'ya'yansu. Kafin nan ka gwada ta: ka cika gwangwani biyu, ɗaya da ita, ɗaya da ƙasar tsakiyar gona, ka shuka ƙwayar masara biyar-biyar. In tsiron ya fito kusan kai ɗaya, aikin ya yi nisa. In na gwangwanin farko ya ƙi fitowa ko ya fito a tsumbure, ka ƙara taki ka ci gaba da juyawa wata guda, sannan ka sake gwadawa.