Ga 'yar uwar da ke tambaya kan sanwicin da ba nama ba ƙwai, da sifikar da ke ihu

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Wallahi kamar gidana kika leƙo kika rubuta tambayar nan. Kin ce ɗanki ya dawo daga karatu ya daina cin nama da ƙwai da madara da duk abin da ya fito daga jikin dabba, kin rasa abin da za ki sa masa a burodi da safe. Ga kuma kayan karaoke, wato na sa kiɗa mutum ya bi da waƙa a makirfo, da kuka saya don walimar dawowarsa, sifika sai ihu take yi, murya tana zuwa a bayan kiɗa. Duk biyun na sha su, kuma a rana ɗaya suka haɗe min.

Ni 'yata ce, a Indiya ta yi karatu ta dawo da wannan ra'ayi. Ban bi ta ba, har gobe ina cin kilishina. Amma yarinya ba ta ce haram ba ne, cewa ta yi ita dai ba ta so, to ina ruwan wani? Ki fara toshe kunnenki, don girkin ba shi da wuya, bakin dangi ne mai wuya.

Awara ce maganin matsalarki. Ki sayi wadda ba a soya ba, ko ki yi da kanki in kina da hali, waken suya da ruwan tsami ne kawai. Ki naɗe ta a ƙyalle mai tsabta ki ɗora mata abu mai nauyi ruwan ya tsane sosai, in ba haka ba burodin zai jiƙe ya yi laɓe-laɓe. Sai ki yanka ta da faɗi daidai burodin, kaurin ɗan yatsa, ki barbaɗa gishiri da masoro da garin tafarnuwa da kurkum ɗan kaɗan. Kurkum don launin ƙwai ake sa shi, in ya yi yawa ɗaci zai yi. Mai kaɗan a kasko, kuma ki daure ki bar ta ta yi ja kafin ki juya. Akwai wani baƙin gishiri na Indiyawa da suke kira kala namak, yana da farar wuta a cikinsa, shi ya sa yake ƙamshin dafaffen ƙwai sak. In kin samu a kantunan da suke sayayya, bayan kin sauke za ki barbaɗa, don zafi yana kore ƙamshin. In babu kar ki wahalar da kanki, yajin ƙuli ya isa.

Abin shafawa kuma fiya ce, ki dame ta da lemon tsami da gishiri, ki jera tumatir da albasa da kokwamba. Mayonis da ƙwai ake yin sa, kar ki taɓa shi. Botar gwangwani ma wata akwai madara a ciki, ki karanta jikinta. Haka dunƙulen ɗanɗano mai hoton kaza. Burodin kansa ki tambayi gidan da ake yi, mai zaƙin nan da yawa ana zuba masa madara ko ƙwai. Ni gurasa ta fi kwanta min a rai. Ranar da kika makara, ƙosai a cikin burodi ma ai sanwici ne, tun muna yara ake cin sa ba wanda ya ba shi suna, sai dai ki tabbatar mai tuyar ba ta fasa ƙwai a ƙullun ba.

Wannan maganar ƙwan ita ce har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa. Ranar da muka tara 'yan uwa, tun asuba na tashi na matse awarata na yanka na jera. Sai ƙanwar mijina ta shigo kicin, wai Anti je ki shirya ni zan ƙarasa tuyar. Na ji daɗi har na sa mata albarka. Ashe ƙwai ta kaɗa ta tsoma awarar a ciki. Ta zuba ido har yarinyar ta cinye nata, sannan ta tashi ta ɗauki makirfon da yara ke waƙa da shi, a gaban kowa, har da surukaina da baƙin da ban taɓa gani ba, ta ce to jama'a ga 'yar Indiya ta ci ƙwai ba ta mutu ba. Falo ya ɗauki dariya. 'Yata ba ta ce uffan ba, ta ajiye faranti ta shige ɗaki, ban sake ganin ta ba sai washegari da kumburarrun idanu. Ni kuwa ina tsaye da tire a hannu, na rasa inda zan sa fuskata. Da na yi wa maigidan magana da dare wai ai wasa ne, kin san halinta. Wasa? Mace da 'ya'yanta ta shirya wa 'yar yayanta tarko, ta jira ta faɗa, sannan ta yi shela da lasifika? Har yau ba ta ba da haƙuri ba, in mun haɗu a biki sai ta ce ina mai cin ciyawa. Yarinyar ta daɗe ba ta cin abin da ba a gabanta aka dafa ba, har nawa. Don Allah ranar taronku kar ki bar wa kowa kaskonki, ko wace ce.

Af, kafin na manta, ki sa ya ga likita kan bitamin B12. Ba a samun sa a wake da ganye, ƙwayarsa ake sha, rashinsa kuma yana kawo kasala da ƙarancin jini.

Sai sifika. Ihun nan ba lalacewa ba ce. Makirfo ne yake jin abin da sifika ta fitar ya sake mayar mata, suna ta zagaye. Ki ajiye sifikar a gaban mai waƙa tana kallon 'yan kallo, shi yana bayanta. Ki hana yara rufe kan makirfo da tafin hannu, kuma su matso da shi kusa da baki maimakon a ƙure ƙara. Maɓallin da aka rubuta Echo ki mayar da shi ƙasa sosai. In falonki tayil ne ki shimfiɗa kafet ki saki labule, za ki ji bambanci.

Jinkirin murya kuma Bluetooth ne, ko kuma kun bi da makirfon ta cikin talabijin. Makirfo kai tsaye cikin ramin sifika ko miksa, wato akwatin haɗa sauti, yake shiga. Kiɗan ki ɗauko shi da waya daga talabijin ko wayar hannu zuwa ramin AUX, talabijin aikinsa nuna baitoci kawai. Wasu sababbin talabijin ba su da ramin iyafis sai na optikal, to akwai ɗan akwatin da ke juya shi, ba tsada, sai ki shiga saitin sauti ki zaɓi PCM, in ba haka ba shiru za ki ji ko shuuu. Ni wani mai shago ya rantse min da Allah cewa sifikata ba ta buƙatar waya ko ɗaya, ya nuna min dubban wat a jikin kwali. Da na mayar masa ya ce an buɗe ba a karɓa, har yana min tsawa a gaban yaran shagonsa. Wancan babban adadin na talla ne, wanda aka rubuta RMS a gefensa shi ne ƙarfin gaskiya.

Ki sa sitabilaiza saboda halin wutarmu, sifika ita ce ƙarshen kunnawa kuma farkon kashewa. Makirfo marar waya ki tanadi batir na canji, yana raunana murya za ta fara yankewa. Waƙoƙin ki sauke su tun da rana kar netwok ya kunyata ki. Ki kuma leƙa maƙwabta ki gaya musu, ana kiran salla a kashe. Japanawan da suka ƙirƙiro abin a farkon shekarun 1970 ma daga baya ɗakuna na musamman suka riƙa yi masa, mu kuwa katanga ɗaya ce tsakaninmu da mutane.

Ki ɗauko hoton bayan sifikar da bayan talabijin ɗin ki turo nan, in ga ramukan in gaya miki wayar da za ki aika a sayo. Allah ya raya mana su, ya sa a yi taro lafiya.